Kwalli da ciwon gaɓɓai: abin da nake rubutawa tun Janairu

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau da asuba kyanwarmu Kwalli ta sake yin fitsari a kan dardumar ƙofar banɗaki, taku biyu tsakaninta da bahon yashinta. Karo na uku ke nan cikin kwana goma. Na ɗauko tsintsiya zan kore ta, sai jikina ya yi sanyi, don ko gezau ba ta yi ba. Kyanwar da a da in ta ji motsin tsintsiya sai dai ka hango wutsiyarta, yau ga ta zaune tana kallona.

Shekararta goma sha uku a hannunmu. Babbar 'yata ce ta tsinto ta tana 'yar mitsitsiya a bayan wani kanti a tsohuwar unguwarmu, tun kafin rusau na 2022 ya tashe mu daga kudancin Jidda mu dawo wannan bene, hawa na uku, ƙasa duk tayil mai santsi. Sunan kuwa saboda baƙin layin da ya zagaye idanunta ne, kamar wadda aka rambaɗa wa kwalli za ta gidan biki.

Na zauna na lissafa abubuwan da ta daina, kunya ta kama ni. Ta daina kwana a kan injin wanki, wurin da ta fi so a gidan nan. Ta daina hawa taga kallon tattabaru. Gashin bayanta wajen gindin wutsiya ya cukuikuye, ita da take yini tana lasar jiki. Ranar Talata Auta ya shafa ƙugunta, ta kai masa yakushi. Duk mun ga wannan, kowa kuma ya raɗa masa suna. Ni na ce tsufa ne, Baban yara ya ce lalaci, Hajiya surukata ta ce baƙin hali ne da ke zuwa wa kowa in shekaru sun ja, ta faɗa tana kallon ɗanta.

Jiya ne na ga abin da ya tsaya min a rai. Ta je gaban injin wanki, ta ɗaga kai ta auna, ta ja baya ta duƙa, ƙafafun baya suna 'yar rawa, ta sake ɗaga kai. Sau uku tana haka. Daga nan ta juya ta lashi hannunta sau ɗaya, kamar dama ba hawan ya kawo ta ba, ta shige ƙarƙashin kujera.

Da na ce ina jin ciwo ne ke cinta, Hajiya ta ce, "To ke 'yar nan, ɓallo mata rabin Panadol ɗina mana, ki daka mata a cikin tuna." Allah ya taimaka 'yata tana wurin, ta ce ta taɓa jin cewa guba ne a gare su. Hajiya ba ta yarda ba, amma maganar ta mutu a nan. Ranar Talata za mu asibitin dabbobi.

Talata, 14 ga Janairu

Likitar 'yar Sudan ce. Da ta ji muna Hausa ni da 'yata sai ta yi murmushi ta ce "sannu", wai da Hausawa ta tashi a maƙwabtaka a Gadarif. Iyakar Hausar tata ke nan, sauran da Larabci muka yi.

Ba ta fara taɓa Kwalli ba. Ta buɗe kwandon ta ajiye a ƙasa, ta ce mu yi ta hira, ita kuma tana kallon yadda za ta fito. Kwalli ta fito da tafiya sandare, baya a ɗan gantsare, tana ɗaga ƙafafun baya kamar mai tsallake ruwa. Sannan likitar ta ɗora ta a tebur, ta bi gaɓɓanta ɗaya bayan ɗaya tana lanƙwasawa a hankali. Da yatsanta ya kai ƙarshen ƙashin baya, inda ya haɗu da ƙugu, fatar wurin ta yi wata irin karkarwa, Kwalli ta juyo da baki a buɗe. Ta kuma nuna min wani farce a ƙafar gaba da ya yi tsawo ya lanƙwaso, saura kaɗan ya shige nama. Kyanwar da ke jin ciwo ba ta kartar abu, don haka farcen ba ya gogewa. Shekara uku ina murnar ta daina yaga min kujeru.

Na tambaye ta me ya sa ba ta ɗingishi. Ta ce kare ne ke ɗingishi, ka gan shi yana fama kafin ya tashi, ko ya ƙi hawa mota. Kyanwa yawanci ciwon yana kama ɓangarorin biyu ne tare, to wace ƙafa za ta ɗaga ta bar wace? Sai dai ta rage abin da take yi, ta yi shiru. Ta ce akwai binciken da aka buga a Amurka a 2002, aka duba hotunan ƙashi na kyanwoyi ɗari da suka haura shekara goma sha biyu, aka ga alamun lalacewar gaɓɓai a jikin casa'in.

Hoton ƙashi ya nuna abin a gwiwoyin hannu biyu, da ƙugu, da ƙarshen ƙashin baya. Yadda ta bayyana min: guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙashi ne ya cinye, ƙashi ya soma gogar ƙashi, gaɓar ta kumbura, har ƙashin ya fitar da 'yan tsiro a gefe. Abin da ya cinye ba ya dawowa. Aikinmu rage zafi, rage nauyi, da gyara gida.

Nauyinta kilo 5.6. Likita na son ta sauko wajen 4.5.

Na kawo maganar Panadol. Ta ajiye biro ta ce in faɗa wa duk wanda ke gidan: hantar kyanwa ba ta iya narka shi, jininta sai ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, kuma ƙwaya ɗaya tana kisa. Brufen ma guba ne a gare ta. Har man shafawa irin Voltaren da Hajiya ke murza wa gwiwa, in kyanwa ta lasa a hannu ko a ƙafa, yana taɓa ƙoda. Wannan na ƙarshen ya tsorata ni, don a jikin ƙafar Hajiya Kwalli ke kwanciya bayan la'asar.

An ɗebi jini da fitsari. Ba za a ba ta magani ba sai an ga lafiyar ƙodarta, tunda tsofaffin kyanwoyi sau da yawa ciwon ƙoda da na gaɓɓai tare suke zuwar musu. Kuɗin yau sun kusa cefanen mako biyu. Baban yara ya kalli rasit ya ce, "Allah ya sa a mizani," bai ƙara ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ƙoda lafiya, alhamdu lillahi. An fara mata meloxicam na ruwa, maganin rage zafi da kumburi, sau ɗaya a rana, a cikin abinci ko bayan ta ci, ba a ciki wayam ba. Sirinjin da ke cikin kwalin an yi masa layi-layi da kilo, sai in ja daidai inda likita ta nuna min. Ta ja min kunne a kan abu biyu. Na farko, in ta yi amai, ko gudawa, ko ta ƙi abinci, in tsayar da maganin in kira ta. Na biyu, kada in taɓa sayen na karnuka don na gan shi da suna ɗaya: na kyanwa miligiram 0.5 ne a kowane mililita, na kare 1.5, ninki uku ke nan.

Abinci: giram 50 na busasshe a rana, a kan sikelin kicin, ba da ido ba. Ta ƙara da man kifi kaɗan. Na tambaye ta ƙwayoyin glucosamine da na gani jere a kanti, ta ce in ina da kuɗin banza in saya, ba za su cutar ba, amma hujjar amfaninsu ba ta da ƙarfi. Ban saya ba.

Na manna takarda a jikin firji, na ja layi huɗu: hawa, sauka, lasar jiki, baho. Kullum da dare zan sa alama.

Asabar, 25 ga Janairu

Makon nan gidan muka yi wa aiki. Na auna bakin tsohon bahon yashi, santimita 18. Ashe duk shiga sai ta ɗaga ƙugu mai ciwo ta tsallake katanga. Na sayo babbar robar ajiye kaya, Baban yara ya zafafa wuƙa ya yanke mata ƙofa, bakin bai wuce santimita 5 ba. Tun ranar Lahadi ba ta sake ɓata darduma ba. Da na san roba da wuƙa ne maganin wannan, da ban yi wata guda ina wanki ina mita ba.

Taga santimita 90 ce daga ƙasa. Na jera mata matakala da katan na ruwan sha, kursi, da ƙaramin tebur, kowane hawa bai fi tsawon tafin hannu biyu ba, na ɗaure tsohon tawul a kai don kada ta zame. Ta shinshina ta wuce. Na shimfiɗa tsofaffin kafet daga falo zuwa kicin, gidan ya koma kamar shagon 'yan gwanjo. Na kuma janye shimfiɗarta daga saitin na'urar sanyaya ɗaki, don a Jidda ko a Janairu yaran nan ba sa barinta ta huta. Kwanon abinci da na ruwa na ɗora su a kan wani tsohon akwati, ba sai ta sunkuya da gwiwoyin hannu ba.

Hajiya ta yarda ta riƙa sa safa bayan ta shafa man gwiwarta. Ta kuma ɗauke kafet ɗaya ta shimfiɗa a hanyar banɗakinta, ba ta ce da kowa komai ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kilo 5.5. Yadda nake aunawa: in hau sikeli da ita, in sauke ta in sake hawa. Ni ce ba na jin daɗin aunin, ba ita ba.

Ranar Laraba da hantsi na fito daga kicin na tarar da ita a kan taga. Ban ga hawanta ba, amma na ga saukarta: tebur, kursi, katan, ƙasa, tana tsayawa a kowane hawa kamar tsohuwa a matakalar masallaci. Na tsaya da ludayi a hannu har miya ta ɗiga a kafet.

Dunƙulen gashin bayanta likita ta aske, ni kuma ina bin wurin da buroshi mai laushi duk dare. Ta fara juyawa tana lasar cinya da kanta, amma gindin wutsiya har yanzu bakinta ba ya kaiwa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

5.35. Babu sabon abu, sai dai ta bi igiyar cazar waya da hannu, har sau biyu. Auta ya ce a sa a takarda, na buɗe layi na biyar: wasa.

Laraba, 12 ga Maris, 12 ga Ramadan

5.5. Mun koma inda muka fito.

Na yi kwana uku ina zargin sikeli. Shekaranjiya da sahur na fito ɗebo ruwa, na tarar da Hajiya zaune a kan dardumarta, faranti a gabanta, tana yago fatar kaza tana miƙawa ƙarƙashin hijabi. Ga Kwalli a ciki, wutsiya kawai ta leƙo. Da na bincika, ashe da buɗa-baki ma akwai rabonta: cikin sambusa, da cokalin kirim, da romon shorba.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, likita fa ta hana."

Ta ce, "Likita ce ke jin kukanta da dare ko ni? Baiwar Allah marar baki, ku sa ta a gaba da sikeli kamar masu sayar da zinari. Ke ba ki san matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba? Ta tsare ta, ba ta ba ta ba, ba ta sake ta ta nema ba."

Hadisin na san shi, yana cikin Buhari da Muslim, kuma ba a wata mai alfarma zan tsaya jayayya da surukata a kansa ba. Na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya," na koma ɗaki, raina a ɓace. Abin da ya fi damuna ma ba kitsen ba ne, albasa da tafarnuwar da ke cikin sambusa da shorba ne, don suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa.

Da na huce na ga ta wani gefen tana da gaskiya. Ni sau biyu nake zuba abincin, safe da dare, kyanwa kuwa ɗan kaɗan-kaɗan take son ci sau da yawa. Tsakanin isha'i da sahur cikinta ba komai, mu kuma muna ta kai-kawo da faranti a gabanta. Jiya na auna giram 50 ɗin na zuba a wani ƙaramin gwangwani mai murfi, na kai wa Hajiya. Na ce, "Ga abincinta na yini, a hannunki ya fi albarka. Duk sanda ta yi kuka ki ba ta, amma in ya ƙare ya ƙare." Na haɗa da 'yar tsokar kaza da na dafa da ruwa zalla, babu gishiri babu albasa, na rage busasshen daidai da ita. Ta karɓa ta jijjiga gwangwanin ta ce, "Wannan ko ɓera ai sai ya raina." Amma ta sa shi a aljihun jakar carbinta.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sallah ta zo ranar Lahadi, gida ya cika da baƙi daga Makka, yara ko'ina. Ranar Litinin da dare Kwalli ta yi amai sau biyu, jiya ta ƙi ko shinshina kwano. Na tsayar da maganin na kira likita, ta ce in kawo ta, kada in jira. Dalilinta: meloxicam a jikin kyanwar da ba ta ci ba ta sha, ruwan jikinta ya ragu, shi ne ke kai ƙoda ƙasa. Sannan kyanwa mai ƙiba in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yana taruwa ya toshe hanta, wanda shi kansa yana kisa. Shi ya sa tun farko ta hana ni gaggawar rage mata nauyi, ta ce kamar kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinta a mako ya isa.

An yi mata ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata da allurar tsayar da amai, an sake ɗibar jini. A mota na kasa magana. Tunanina ɗaya: ni na riƙa ɗura mata abin nan da hannuna kwana saba'in da wani abu.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ƙoda ba ta taɓu ba. Ɗan ƙanwar Baban yara ya amsa laifi da kansa, wai ya ba ta ƙashin kaza da shinkafar kabsa "don ita ma ta yi Sallah". Ta koma cin abinci tun ranar Alhamis.

Abin da na koya a kwanakin da babu magani ya fi duk abin da aka faɗa min. Kwana na huɗu ta daina hawa taga. Kwana na shida ta yi wa Auta huci da ya zo wucewa kusa da ita. Layukan takardar firji suka koma fayau kamar na Janairu. Da ina cewa a raina wataƙila kafet da matakala ne suka yi aikin, maganin kuwa asarar kuɗi ne da kasada. Yanzu na ga iyakar kafet.

Yau an mayar da ita kan maganin, amma likita ta rage yawan. Ta ce za mu nemi mafi ƙanƙantar abin da zai riƙe ta, mu tsaya a nan.

Asabar, 3 ga Mayu

5.15. Taga kullum, wani lokaci sau uku. Ƙaramin awon yana riƙe ta.

A ɗakin jira na asibiti na zauna kusa da wata yarinya Balarabiya da kyanwarta, irin masu lanƙwasassun kunnen nan da ake kira Scottish Fold, waɗanda suka cika shagunan dabbobi da wayoyin 'yan mata a garin nan. Shekararta biyu kacal, amma wutsiyarta gajera ce mai kauri, ba ta lanƙwasuwa, ƙafafun baya a kumbure, tana takawa kamar a kan ƙaya. Da na shiga na tambayi likita. Ta ce lahanin guringuntsin da ya naɗe kunnen, shi ne dai a gaɓɓai, kuma duk mai naɗaɗɗen kunne tana ɗauke da shi, sai dai wata ya fi tsananta mata. Wato abin da ake biyan dubban riyal a kansa don kyau, shi ne ciwon. Tawa ta kai sha uku kafin ya same ta, kuma kyauta muka tsince ta. 'Yata ta daɗe tana naci a saya mata irin waccan. Na ba ta labari a mota, ba ta ce uffan ba.

Wani abokin Baban yara mai gadin gona a hanyar Usfan ya aiko tambaya, wai tsohon karensu yana fama kafin ya tashi, ko zan ɗiba masa a kwalbarmu. Na ce a'a, ya kai shi a duba ƙodarsa a auna masa nasa. Na ji an ce ya ce matan birni sun cika fi'ili.

Asabar, 14 ga Yuni

Babbar Sallah ta wuce ranar 6 ga wata lafiya. Wannan karon na rufe Kwalli a ɗakin Hajiya da bahonta da ruwanta, Hajiya da kanta ta tsaya a ƙofa tana kora jikoki: "Kada wanda ya ba ta ko tsinken nama, tana da ma'auni." Hantar layya guda ɗaya dai na ga ta shige ƙarƙashin hijabi, ƙanƙanuwa, na kau da kai.

4.9 yau. Saura giram 400. Ƙugunta ya fito, in na shafa gefenta ina jin haƙarƙari ba sai na danna ba. Bakinta yana kaiwa gindin wutsiya yanzu, na daina bin wurin da buroshi sai jefi-jefi. Farce ina yanke mata duk mako uku, 'yata na riƙe ta a cikin tawul.

Likita ta ce gwajin jini da fitsari duk wata shida, na gaba a Oktoba. Na tambaye ta in ƙodar ta fara gazawa fa. Ta ce akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata, Solensia, wadda Turai ta amince da ita a 2021, Amurka a 2022. Ita ba hanyar meloxicam take bi ba, wani sinadari ne da ke kai saƙon zafi take kamawa ta ɗaure, sai dai tana da tsada, wasu kyanwoyin kuma tana sa su ƙaiƙayi. Mun ajiye ta a gefe tukuna. Na fara ware wani abu duk wata a cikin ambulan.

Zafi ya shigo sosai, na'urar sanyi ba ta mutuwa dare da rana, na lura da safe tana tashi a ɗan sandare kafin jikin ya sake. Na ƙara mata bargo, na matsar da shimfiɗar inda rana ke faɗowa ta taga da hantsi.

Injin wanki, santimita 85, har yau ba ta koma ba. Na jera mata katan a gefensa tun watan jiya, ta hau na farko ta zauna, iyakarta ke nan. Ran nan na ga Auta ya ɗauke ta cak ya ɗora ta a kai lokacin da injin ke juyi. Ta yi lamo a kan ɗumin, ido a lumshe, kusan rabin awa. Na ce masa in zai ƙara, shi zai sauko da ita da hannunsa, kada ya bari ta diro.